Layi na Farko a Kwamfutar Malam

Ina tsakiyar darasin kwamfuta da 'yan aji biyar wayata ta yi ta kuka a cikin jaka. Ni ba na ɗaukar waya a aji, har gori nake yi wa abokan aikina a kan haka, amma da ta yi kira na huɗu sai na leƙa. Malam ne. Shi ya koya mini lissafi a firamare a Kibiya, tun ina zuwa makaranta da silifas ɗin roba, kuma tun da na san shi bai taɓa kiran mutum sau biyu a jere ba. In ya kira sau ɗaya ba ka ɗauka ba, kai za ka neme shi.

"Ke 'yar nan, kina Rano?"

"Ina nan, Malam. Lafiya dai?"

"Da sauƙi dai. Kwamfutar nan ta ƙi karɓar abin da aka kawo daga Kano, ga mutane sun cika ƙofar ofis. Ki hawo acaɓa ki zo yanzu."

Na bar wa yaran aiki a allo, na roƙi malamar da ke aji na kusa ta riƙa leƙa su, na nemi izini a tsaye, na fita bakin titi.

Tun da Malam ya yi ritaya manoman yankin suka naɗa shi sakataren ƙungiyarsu, saboda a duk faɗin Kibiya ba wanda zai ce ya taɓa cin ƙwayar hatsin wani. Kwamfutar kuwa tawa ce, tsohuwa, ni na ba shi. Da yake ta tsufa, sai na sa mata irin tsarin nan na kyauta mara nauyi, wanda ake yi wa magana ta baƙin allo, kana rubuta umarni tana amsawa. Na zaci zai gaji a sati biyu. Ina! Dattijon nan ya sayi littafi mai bango mai kauri, yana rubuta duk umarnin da na koya masa, yana binciken wasu a wayarsa, har ya fi ɗalibaina nisa. A cikinta ya zuba sunayen duk 'yan ƙungiya da girman gonakinsu.

A wannan shekarar masu ba da tallafin taki suka ce sun daina karɓar suna a takarda. Kowane manomi sai ya dangwala yatsa a na'ura, a haɗa da sunansa a kwamfutar ƙungiyarsu. Jami'i ɗaya suka turo, kowace ƙungiya rana ɗaya yake ba ta, kuma ranar su Malam ke nan. Da an yi la'asar zai naɗe na'urarsa ya koma Kano. Wanda bai dangwala ba, ba shi ba taki, ga ruwa ya riga ya sauka, masara ta fara fitowa.

Da ɗan acaɓa ya sauke ni, na tarar wurin ya cika maƙil. Babura jere har bakin kwata, mutane sun fi ɗari a ƙarƙashin darbejiya, wasu daga Tarai, wasu daga Nariya, kowa ya baro gonarsa tun da safe. Na gaishe su, suka amsa a daƙile. Ina wucewa na ji wata murya mai kauri tana cewa, "Wai kwamfuta ta lalace. Jiya ba ta lalace ba, shekaranjiya ba ta lalace ba, sai yau?" Wani Alhaji ne mai gonar shinkafa daga wajen Tarai, babban mutum mai faɗin ƙirji, irin waɗanda in sun yi raɗa ana ji a ƙarshen layi.

Ofishin ɗaki ɗaya ne da taga ɗaya. Malam na tsaye, hularsa ta karkace, abin da ban taɓa gani ba. Jami'in na zaune a benci yana kaɗa ƙafa yana duba agogo. A kusurwa ga firinta an lulluɓe ta da tsohon zani.

"Malama, ni fa nawa mai sauƙi ne," in ji jami'in. "A shigar da manhajar nan, na'ura ta tashi, mu fara. Ko'ina minti goma ake yi."

Na ce, "To, a nan ma minti goman ne." Na ja kujera da ƙarfin hali na zauna. Wannan baki nawa ya sha ja mini, ranar ma bai fasa ba.

A irin wannan tsarin ba a shigar da manhaja kai tsaye. Akwai wata manhaja guda da ke kula da duk abin da zai shiga kwamfuta da wanda zai fita. In ina koyarwa mai sito nake ce mata. Halinta ɗaya ne: in ta fara wani aiki ba ta kammala ba, ba za ta taɓa wani ba, ko za ka kwana kana roƙo. Na ba ta umarnin shigar da manhajar yatsa. Ta fara kamar gaske, rubutu na gudu, sai ta tsaya cak ta ce akwai kuskure, akwai aikin da ya rage a rataye. Na sake. Haka. Na ce ta gyara abin da ya karye da kanta. Ta gwada, ta dawo da magana ɗaya.

A nan na yi wautar da nake hana ɗalibaina. Maimakon in karanta abin da take faɗa tun daga sama, sai na yanke hukunci cewa sabis ne ba ƙarfi, manhajar ba ta sauko daidai ba. Na fita da waya ina ɗaga hannu sama kamar mai kiran kaji, na zagaya bayan ofis, na sake sauko da ita, na dawo. Kusan awa guda na ɓata a haka. Zufa ta jiƙa mini hijabi, jami'in ya daina kaɗa ƙafa ya koma yin tsaki a hankali.

Sai da na gaji na nutsu na karanta. Ashe tun farko ta faɗa mini: ba manhajar yatsa ce matsalar ba, ta firinta ce. A cikin kwamfuta akwai wasu ƙananan manhajoji da ke tashi da kansu in an kunna ta, su yi ta aiki a ɓoye, wannan na kula da agogo, waccan na kula da firinta. Kowacce tana da ɗan fayil na umarni da ke faɗin yadda za a tashe ta da yadda za a tsayar da ita. Kwanakin baya mai sito ta zo sabunta ta firinta, ta kai inda za ta tashe ta, fayil ɗin ya ƙi aiki, sai aikin ya maƙale a rabi. Shi ya tare ƙofa.

"Malam, me ya sami firintar nan?"

"Ai ta mutu tun kafin azumi. Tsufa ne. Na rufe ta kada ƙura ta ƙarasa ta."

Na ce to, tun da ta mutu, mu cire manhajarta gaba ɗaya mu huta. Na ba da umarnin cirewa. Mai sito ta ce kafin ta cire sai ta tsayar da ita, kuma tsayarwar ma da wancan fayil ɗin ake yi, shi kuwa ya ƙi aiki. Tabɗi! Ba shiga, ba fita. Na riƙe kai da hannu biyu, na ji kamar in ɗaga kwamfutar in maka da ƙasa.

A daidai lokacin Alhajin nan ya matso bakin taga. Bai dube ni ba, Malam ya duba.

"Malam, mu fa ba yara ba ne. In an riga an sayar da gurabenmu, a faɗa mana mu koma gona. A daina ɓoyewa a bayan inji."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba wanda ya ce masa ya yi shiru. Wasu ma sunkuyar da kai suka yi, alamar abin ya taɓa zuwa musu a zuci. Na dubi Malam. Mutumin da ya koyar da rabin waɗanda ke tsaye a wajen, yau ana ce masa ɓarawon taki a ƙofar ofishinsa. Na san in rana ta faɗi ba a dangwala yatsun nan ba, ko shekara nawa zai yi yana rantsuwa, maganar ta zauna ke nan.

Na miƙe kujera ta faɗi. "Haba Alhaji! Wallahi ka ji kunya! Malam ne zai sayar da..."

"Zauna," in ji Malam, da muryar nan tasa ta aji. "Ba faɗa na kira ki ba. Aiki na kira ki."

Na ɗaga kujerar na zauna.

Na buɗe fayil ɗin. Bai kai shafi biyu ba. Na karanta shi layi layi, ban ga komai ba. Can ƙasa na ga layi ɗaya da ba irin sauran ba, na tambayi Malam. Ya ce shi ya ƙara, firintar ce take jinkirin tashi, ya ga wani bayani a waya cewa a sa mata ɗan jira na daƙiƙa biyar. Na yi murna na ce na kama ɓarawo. Na duba layin da kyau, wallahi daidai yake, ko ni iyakar abin da zan rubuta ke nan. Duk da haka na cire shi na gwada. Ba abin da ya canza. Na mayar da shi, na sake karanta fayil ɗin daga sama har ƙasa, sau biyu. Komai lafiya lau a idona.

Aka kira azahar. Maza suka tafi masallaci, ni na yi tawa a kan tabarma a cikin ofis. Ban ɓoye wa Ubangiji komai ba, na ce Ya Allah, ni kunyata mai sauƙi ce, gobe an manta, amma kada Ka bari bawan nan naka ya tozarta a hannuna.

Da suka dawo, Malam ya ce da jami'in ko zai karɓi sunaye a takarda, a dangwala da tawada. Jami'in ya ce ba shi ya kafa dokar ba, ba za a karɓa ba, amma in Malam na so ya rubuta, shi zai kai. Kowa ya san lallashi ne kawai. Malam ya jawo farar takarda ya zauna a gefen teburina, ya cire murfin biro. Ni kuwa na zuba wa hannunsa ido don ba ni da sauran abin kallo. Kafin ya rubuta lamba ta ɗaya, kafin ya ja layi, hannun nan ya hau can saman takarda ya rubuta Bismillahir Rahmanir Rahim, kamar yadda yake yi a saman allo kowace safiya tun muna yara.

Na juya na dubi allon kwamfuta. Ga ta nan a layi na farko na fayil ɗin, da haruffan boko, tsaf. Sau uku na karanta fayil ɗin nan, sau uku idona ya tsallake ta, saboda tun da aka haife ni a nan nake ganinta, a saman wasiƙa, a saman takardar ɗaurin aure, a saman littafin kowane ɗalibi. Da ba ta nan ne ma zan lura. Na yi sauri na buɗe fayil ɗin agogo na ajiye kusa da shi. Shi layinsa na farko wasu 'yan alamomi ne guda biyu da gajeren rubutu. A na firinta, wannan layin ya koma na biyu.

"Malam," na ce a hankali, don kada jami'in ya ji, "ranar da ka ƙara layin jira, kai ka rubuta wannan a sama?"

Ya sa tabarau ya leƙa. "Ni ne mana. Zan sa hannu a rubutu ban yi Bismillah ba?"

"A ranar firintar ta mutu?"

Na ga yana lissafi a ka. Sannan ya cire tabarau ɗin ya ce, "Washegari."

Na ji daɗi, sai kuma daɗin ya gushe, domin na hango inda za a je. Ni ce zan goge sunan Allah daga rubutun malamina, a gabansa? Shi ma ya hango, fuskarsa ta ɗaure.

"In cewa za ki yi a goge, 'yar nan, ki nemi wata hanya."

"Ba gogewa ba, Malam. Ka ga, kwamfuta ba ta karanta fayil ta fahimta kamar mutum. Farkon layi na farko kawai take dubawa, a nan ake gaya mata wane ne zai karanta sauran, ta miƙa masa. In ta duba ba ta ga alamomin nan biyu ba, ba ta san wa za ta ba ba, sai ta ajiye. Layin nan ba ya cikin saƙon, shi dai kamar..."

Na rasa kalma. Na yi ta juya hannu a iska.

"Adireshi," in ji Malam.

"Na'am?"

"Adireshi ne a bayan ambulan." Ya gyara zama, idonsa ya fara haske kamar ya ga ɗalibi ya kusa gano amsa. "Ashe a bayan ambulan na rubuta. Subhanallahi. Ai ko a zamanin gidan waya ba ma sa sunan Allah a waje, inda kowane hannu zai taɓa, ta faɗi ƙasa a taka. A ciki ake sawa, a saman wasiƙa. Ni ne ban san inda ambulan ta ƙare ba. Sauko da ita ciki."

Na mayar da layin alamomi sama. A layi na biyu na sa Bismillar Malam, ban taɓa ko harafi ɗaya ba, na sa mata a gaba alamar da ke gaya wa kwamfuta cewa wannan na mutane ne, ba umarni ba ne gare ta. Na adana. Na rubuta wa mai sito ta ƙarasa aikin da ta bari. Malam ya ce, "Bismillah," a fili, na danna.

Rubutu ya yi gudu. Ya kai inda ya saba tsayawa, ya wuce. Sai muka ji ƙara daga kusurwa, ƙir ƙir ƙir, zanin nan ya fara motsi. Jami'in ya yi tsalle daga benci yana salati, ya zaci wani abu ne ya shiga ƙarƙashi. Firintar da aka yi wa ta'aziyya tun kafin azumi ce ta farka, ta kama tofar da duk takardun da Malam ya yi ta tura mata a banza, sanarwar taro, jerin sunaye, wata wasiƙa har sau shida. Na fashe da dariya har da hawaye, na kasa tsayawa. Na ba da umarnin manhajar yatsa, ta shige sumul. Jami'in ya jona na'urarsa, fitilarta ta kawo kore.

Na leƙa taga na ɗaga murya yadda nake yi a filin taron makaranta. "A yi layi! Lamba ta ɗaya ya shigo!"

Kai, ranar na yi aiki. Ina kiran suna, jami'in na karɓar yatsa, firinta na fitar da 'yar takardar shaida, Malam na yagewa yana miƙawa. Yatsun manoma kuwa fartanya ta cinye zanensu, wani sai ya dangwala sau uku, sai na ce ya hura wa yatsan iska ko ya goga a goshi inda akwai zufa, nan take ta karɓa. Dabarar ta bi layi, kafin mutum ya iso ya riga ya goga. Masu ɗaure fuska da safe suka koma tsokanar juna, wani na ce wa wani yatsanka ma ya ƙi ka. Da Alhaji ya zo ban ɗaga kai ba, na kira lambarsa kawai, ya dangwala ya karɓi takardarsa. Amma bai tafi ba, na gan shi ya koma bakin taga ya tsaya.

Aka yi la'asar da saura mutum ashirin da wani abu. Jami'in ya dube ni, ya dubi layin, ya ce shi ma ɗan manomi ne, a ci gaba. Direbansa ya tayar da mota ya bar ta tana aiki.

Da layin ya ƙare jami'in ya fara naɗe waya. Na duba allo na ce ya dakata, saura suna ɗaya, na Malam. Can ƙasa yake, a ƙarshen jerin, bayan na sababbin shiga, bayan na waɗanda suka yi rajista jiya jiya. Na san dalili ba sai an gaya mini ba: in gurabe suka gaza, daga ƙasa ake yankewa. Zan iya juyawa in ce Malam, zo ka dangwala, a wuce wurin. Amma ni ba haka Allah ya yi ni ba. Na tashi na je bakin taga, kusa da kunnen Alhaji, na karanta lambar da cikakken sunan Malam da iyakar muryata, na ƙara da cewa, "Shi ne na ƙarshe a jerin! Shi ya rubuta jerin da hannunsa!"

Waɗanda suka hau babura suka kashe su.

Malam ya harare ni, amma ya zo. Ya ɗora yatsa, na'urar ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ba zanen yatsan ba ne, hannun ne ke karkarwa, tun safe yake riƙe da kansa, sai yanzu abin ya sake shi. Ya yi ƙoƙari na uku, yatsan na zamewa a kan gilashi.

Sai ƙofa ta yi duhu. Alhaji ne ya shigo, ya cire takalmi, ya tsuguna da duk girman jikinsa a gaban teburin.

"Malam, bakina ne ya cuce ni. Ka yafe mini don Allah."

"Na yafe, Alhaji. Tashi, mota na jira."

Bai tashi ba. Ya miƙa hannu biyu ya kama tsintsiyar hannun Malam, ya ɗora yatsan a kan gilashin, ya riƙe shi gam har fitilar ta kawo kore.